Ranar Da Bishiyoyina Suka Tafi Kiwo

Ku matso kusa, wanda ke tsaye ya nemi benci. Labarin nan ban aro shi a bakin kowa ba, a kaina ya faru. Wanda ya ce ƙarya nake, ya hau mota ya bi hanyar Kuta ya tambaya, har awakin wurin sun san ni.

Sunana Munzali, a unguwar Sauka Kahuta nake. Shekara goma sha ɗaya na yi a rumfar katako ta Hajiya Saudatu, 'yar yayar mahaifiyata. Muƙamina babba ne: ni ke kula da garin katako. In masu kiwon kaji sun zo saye, ni zan riƙe bakin buhu a zuba. Da yamma in koma gida fari fat kamar an tsamo ni daga buhun alabo, matata Maijidda ta tare ni a ƙofa da tsintsiya kafin ta bar ni in shiga.

Bara waccan Hajiya ta sayi fili a hanyar Kuta, kewaye da wani babban dutse, ta ce za ta dasa malaina don nan da shekara goma ta riƙa yanka katakonta. Ta sayo dashe ɗari shida, kowanne a baƙar ledarsa. Saura manaja.

Dama na taɓa halartar taron bita na kwana biyu a wani otal a Tunga, kan yadda ake sa ido a kan ma'aikata da auna ƙwazonsu. Wani aka gayyata, bai da lafiya, na je da katinsa. Ranar farko na ji komai. Malamin ya ce abin da ba ka auna ba, ba ka iya shi ba. Rana ta biyu aka kawo shinkafa da kaza. Abin da na ji na ƙarshe shi ne malamin na cewa, "Amma ku yi hattara, domin ma'aikaci kan..." Ban farka ba sai da ake rabon satifiket.

Wannan satifiket na ɗauka na kai wa Hajiya.

"Yaya Hajiya," na ce, "ki ba ni gandun nan. Wallahi sai an zo daga Abuja kallo."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Munzali, ka taɓa dasa ko barkono?"

"Manaja ba ya dasawa, Hajiya. Aunawa yake."

"To ji nan. Ƙarshen damina zan zo da kaina. In na tarar da bishiyoyina a raye, kujera taka ce. In ban tarar ba, bakin buhu na jiranka, kuma ba za ka sake shi ba sai haƙoranka sun zube."

Ta ba ni babur ɗin kamfani da ma'aikata huɗu: Gimba, wani mai ido kamar na ɓera a rumbu; Hidaya, mace mai baki da ƙarfi; Garuba, wanda duk abin da Gimba ya yi shi zai yi; sai Baba Ndako, wani dattijo Banufe da ya shekara talatin yana renon itatuwa.

Na raba filin yanki huɗu, kowa da nasa a gefe ɗaya na dutsen, kowa da dashe ɗari da hamsin. In kana yanki ɗaya ba ka hango ɗaya, dutsen ya tare. Na ce haka nake so, don kada wani ya kwaikwayi wani. Na kafa allo a gindin wata kaɗanya, na zana doki a sama, kunkuru a ƙasa. Wanda ya fi kowa zai zama Dokin Mako, ya sa rigar ruwan kamfani, wadda guda ɗaya ce tak, har mako ya zagayo. Na ƙarshe shi ne Kunkurun Mako, shi zai ɗebo wa kowa ruwan sha daga rafi.

Doka ta farko: sauri. Na hura usur, na kafa wa agogo ido. Kafin azahar Gimba ya gama ɗari da hamsin ɗinsa. Hidaya da Garuba suka biyo baya suna haki. Abin da ban gani ba, don idona na kan agogo, shi ne babu wanda ya yaga leda. Rami, jefa, rufe. Rami, jefa, rufe.

Da na leƙa wajen Baba Ndako, na same shi tsugune a kan na goma sha tara. Reza ce a hannunsa. Zai tsaga ledar a hankali, ya zare ta, ya sassauta ƙasar, ya zaunar da dashen, ya danna da tafin ƙafa, ya yi masa ɗan gurbi na ruwa.

"Baba, wannan dashe ne ko wankan jariri?"

"Manaja, duka daya ne," in ji shi, bai ko ɗago ba. "In ka yi sauri, ya mutu."

"Ka san an ƙirƙiro agogo?"

"Na sani. Bishiya ne bai sani ba."

Kwana shida ya yi yana abin da Gimba ya yi a rabin yini. Na rubuta sunansa a gindin kunkuru da manyan baƙaƙe.

Doka ta biyu: ƙidaya. Kowace Alhamis zan zagaya in ƙirga masu rai. Hanyar babur ta zagaye dutsen ne, doguwa, kuma tsakanin yanki da yanki sai ka bi ta rugar wani makiyayi, Badaru. Ni kuwa mutum ne mai zumunci. Ba na wuce mutane ban zauna ba, musamman in akwai fura.

Mako na uku abin ya fara lalacewa. Gara ta ci wasu, awaki suka yi karin kumallo da wasu, wasu suka bushe haka kawai. Gimba saura ɗari da ashirin, Hidaya ɗari da goma, Garuba ɗari. Baba Ndako kuwa biyu kawai ya rasa. Nan na ga matsala: in na bi wannan lissafi, tsoho mai reza zai sa rigar ruwa, tsarina ya ji kunya. Sai na tuna wani zane da malamin bita ya nuna mana, layi ne da ke hawa sama kamar gwauron dutse.

Na tara ma'aikatan a gindin kaɗanya. "Daga yau ba yawa ake aunawa ba, ci gaba ake aunawa. Wanda adadinsa ya fi na makon jiya shi ne doki. Wanda nasa ya ragu, kunkuru."

Hidaya ta riƙe ƙugu. "Oga Manaja, bishiyoyin haihuwa za su yi?"

"Wannan matsalarki ce. Ni layi nake so ya hau."

"In ta mutu fa?"

"A ƙarƙashin kyakkyawan shugabanci ba a mutuwa ba izini."

Gimba ya dubi dutsen, ya dubi Hidaya, ya sosa ƙeya. Yau da na san abin da sosa ƙeyar nan ke nufi, da a ranar na koma bakin buhu da mutuncina.

Alhamis ta zagayo. Yankin Gimba: ɗari da hamsin cif! Na sake ƙirgawa, haka ne. Na hau babur, na tsaya a ruga na sha fura, na isa yankin Hidaya: ɗari da arba'in da biyar. Na sha fura ta biyu, yankin Garuba: ɗari da arba'in. Baba Ndako ya rasa guda ɗaya. Kunkuru.

Mako na gaba Gimba ya kai ɗari biyu. Na bayansa, ɗari biyu da sittin.

Na koma gida ina tafiya kamar wanda aka yi wa sarauta. "Maijidda, bishiyoyina sun fara ƙaruwa."

Tana tsinke alayyafo. "Da me suka ƙaru?"

"Da sa ido."

"Shekara nawa kana sa wa tukunyar miyata ido, ban taɓa ganin nama ya ƙaru ba. Raguwa yake."

"Ke ba ki je bita ba."

"Kai ma rabi ka je, Malam. Rabin barci ne, kai da bakinka ka faɗa."

A ruga kuwa karɓar da ake min ta canza. Da na iso sai a shimfiɗa tabarma a inuwa, a kawo fura mai kauri a babbar ƙwarya, har da matashi. Daga baya na ji Gimba ne ke kai wa matar Badaru doya don a riƙa cika min ƙwarya. Shi Badaru mutum ne mai gaskiya, sai dai gaskiyarsa a nannaɗe take zuwa.

"Manaja," ya ce min wata Alhamis, yana jingine da sandarsa, "mu dai mun gaji yawo. Amma ban taɓa ganin itace ya fi saniya tafiya ba sai a gonarka."

"Girma kake nufi," na ce. "Ci gaba ke nan."

"To. Akwai wata mai karkataccen wuya, da jan zare a jikinta. In ka gan ta ka gaishe ta. Mun saba haɗuwa a hanya."

Na yi dariya, na ce Fulani da zance. Amma ranar na lura da wata mai karkataccen wuya da jan zare a yankin Gimba. A yankin Hidaya ma na ga irinta. A na Garuba ma. Na ciro littafina na rubuta: "Itatuwan sun fara kama da juna. Alamar haɗin kan ma'aikata."

Kada in ɓoye muku mafi muni. Wata Alhamis na taso daga ruga da wuri don hadari ya haɗo. A kan hanya na ci karo da Hidaya da wani ƙaton kwando a rufe da buhu, tana gumi. Da ta gan ni ta tsaya cak.

"Me ke ciki?"

"Kayan... kayan miya ne, Oga."

"Manaja nagari ba ya barin ma'aikaci da kaya. Ɗora a babur."

"A'a Oga, na gode, zan iya."

"Umarni ne."

Na ɗaure kwandon a bayana, na kai mata har bakin yankinta. Ta ce in ɗan jira a bayan wata ɗorawa, wai za ta gyara zani. Na juya baya kamar mutumin kirki, na yi kusan rabin awa ina kallon tururuwa. Da ta ce in juyo, na ƙirga: ɗari biyu da tamanin. Ranar na ba ta rigar ruwa da hannuna.

Kafin ƙarshen Satumba, Gimba ɗari uku da ashirin, Hidaya ɗari uku da goma sha biyar, Garuba ɗari uku da goma. Baba Ndako ɗari da arba'in da ɗaya, mako goma sha biyu a jere yana ɗibar ruwa, bai taɓa ƙorafi ba. Jimla dubu ɗaya da tamanin da shida, daga dashe ɗari shida. Na zana layin a babbar takarda, ya hau har ya fita daga takardar, sai da na liƙa wata a sama.

Na buga wa Hajiya waya. Ta ce, "Munzali, ɗari shida na saya."

"Shi ya sa aka ce a nemi ƙwararre, Yaya."

"Zan zo Asabar."

Ban tsaya nan ba. Na gayyaci mai unguwar ƙauyen da ke kusa da filin, da shugabannin masu sayar da katako, da 'yan majalisarmu ta wajen mai shayi a Sauka Kahuta, waɗanda suka shekara suna kirana Sarkin Buhu. Na ce Maijidda ma ta zo ta ga abin da barci ke haifarwa. Na kuma ƙudura a gaban kowa zan sallami Baba Ndako, don a ga tsari ba ya sani ba sabo.

Ana gobe, Gimba ya same ni yana murza hannu.

"Oga, ta wane yanki za a fara?"

"Naka."

"Daga nan za a zagaya ta hanya, ko?"

"Ka bar min wannan."

"Za a dai tsaya shan fura?"

"Kai, wai me ya haɗa ka da furar mutane?"

"A'a, baƙi ne Oga. Hajiya babbar mace ce. Bai kamata ta wuce ruga ba ta huta ba. Ko awa ɗaya."

Na ji daɗin ladabinsa. Ban gaya masa shirina ba, domin a bita an koya mana ziyarar ba-zata.

Asabar da hantsi motoci uku suka iso. Na sa babbar riga, na rataya usur. Yankin Gimba ya cika maƙil, kore shar, layi-layi kamar sojoji. Mai unguwa ya ce masha Allah. 'Yan majalisa suka daina zolayata. Na ce wa Gimba ya tsaya a yankinsa, mu za mu ci gaba. Muna shan kwana, na ɗaga hannu na tsayar da motoci.

"Jama'a, ƙaramin manaja ke nuna gona yanki-yanki. Ni a dunƙule zan nuna muku. Mu hau dutse!"

Hajiya ta tattare mayafi ta hau, tana haki tana ambaton sunana ba da alheri ba. A sama muka tarar da Badaru zaune, shanunsa na kiwo a gangare. Na juya wa filin baya, na fuskanci jama'a, na buɗe takardar layina, na fara jawabi. Na yi maganar sa ido. Na yi maganar ma'auni. Na kai inda nake cewa a ƙarƙashina ko ganye ba ya motsi ban sani ba, sai na lura babu mai kallona. Duk bayana suke kallo.

"Munzali," in ji Hajiya a hankali, "ina bishiyoyina za su?"

Na waiwaya.

Ta wata 'yar siririyar hanya da ta ratsa gindin dutsen, wadda ban taɓa sanin da ita ba, gandu guda ne ke tafiya. Gimba a gaba da baro cike da malaina, ganye na rawa. Garuba da wani baron. Hidaya da kwandon nan nawa, bayanta ƙannenta da maƙwabtanta, kowa da daro. Yankin Gimba da muka baro yanzu an fige rabinsa kamar kazar biki. Yankin Hidaya da na Garuba kuwa babu komai sai ramuka a jere, baki buɗe, suna jiran baƙi.

"Wannan..." na ce, "wannan sabon tsari ne. Sauyin iska."

"Kiwo za su, Hajiya," in ji Badaru. "Duk Alhamis suke fita. Yau ne dai suka yi na Asabar."

Mai unguwa ya toshe baki da hannun riga. Wani ɗan majalisarmu ya zauna daɓas a kan dutse yana riƙe ciki, yana cewa a taimake shi. Maijidda ta ce, "Ikon Allah. Ashe da gaske ba barci kawai ka yi ba, har da mafarki."

Na hura usur da duk ƙarfina. Ayarin ya ɗaga kai. Garuba ya saki baro, baron ya gangara shi kaɗai ya kife a rafi.

Da muka sauko, Hajiya ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta shiga abin da ya rage a yankin Gimba, ta kama wata da yatsu biyu ta ɗaga. Ta taho salin-alin da ledarta, kamar an ɗauko ta a kanti. Ta ɗaga ta biyu. Ta uku. Ta huɗun mai karkataccen wuya ce da jan zare.

"A'a, ga mutuniyata," in ji Badaru. "Sannu da hanya."

"Gimba, me ya sa?" Hajiya ta tambaya.

"Hajiya, Oga cewa ya yi layi ya hau. Bai ce bishiya ta zauna ba."

"Ƙarya ne!" na ce. "Makirci ne aka ƙulla a bayana!"

"A bayanka kam, Oga," in ji Hidaya. "A bayan babur ɗinka ma ka ɗaure su. Har ka ce umarni ne."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na ce, "Hajiya, duk da haka akwai wanda ya fi su lalaci. Mako goma sha biyu yana kunkuru. Zo ki gani, yau zan kore shi."

Muka zagaya yankin Baba Ndako. Yana tsugune yana cire ciyawa. Bishiyoyinsa ba su kai na Gimba yawa ba, amma har sun kai min ƙirji, ganye faffaɗa kamar faifai.

"Hajiya ya zo," ya ce. "Sannu da zuwa."

"Munzali," in ji ta, "ɗaga min guda."

Na kama da yatsu biyu, yadda ta yi. Shiru. Na kama da hannu ɗaya. Shiru. Na naɗe babbar riga, na tofa yawu a tafi, na kama da hannu biyu, na tokare ƙafa, na ja har jijiyar wuyana ta fito. Hannuna ya zame. Na tafi da baya na zauna a cikin gurbin ruwa, wandona ya yi wata ƙara da har shanun Badaru suka ɗago kai.

"A hankali, Manaja," in ji Baba Ndako. "Wannan ba ya zuwa ko'ina."

Nan take Hajiya ta karɓe usur daga wuyana. Ta miƙa wa Baba Ndako, ya ce ba ya so, bishiya ba ta jin usur. Ta ce to ya riƙe kujerar. Ta juyo gare ni.

"Kai kuma Litinin, bakin buhu."

Na riga na fara jin garin katako a hancina, sai tsohon ya ce, "Hajiya, a ara min shi tukuna. Akwai leda dari uku da talatin da ba a yaga ba. Shi ya iya kirga."

Ya zaro rezarsa ya sa min a tafin hannu.

Mako uku na yi a tsugune, ni da Gimba da Hidaya da Garuba. Tsaga, zare, zaunar, danna. Na yanke yatsa sau tara, na ƙirga. Baba Ndako bai da allo, bai da agogo. Duk Alhamis zai zagayo, ya kama bishiya ɗaya a layinka ya ɗan ja. In ta zauna, ya wuce. In ta taho, ya miƙa maka ita. Da muka gama, Hajiya ta cika alkawarinta, don ita ba ta mantuwa. Yanzu haka da nake ba ku labarin nan, in kun lura, akwai gari a girata.

Allon nan yana gidana, Maijidda na shanya kuɓewa a kansa. Ta ce tunda aka sassaƙa shi, yanzu ne ya fara aiki. Satifiket kuwa yana nan a bango, ban cire ba, domin a faɗin jihar Neja ba a taɓa manajan da ya dasa ɗari shida ya ƙirga dubu da ɗoriya ba sai ni.

Ran nan Badaru ya shigo gari sayar da bijimi, ya biyo ta rumfarmu. Ya same ni riƙe da bakin buhu.

"Manaja, mutuniyarka mai jan zare na gaishe ka. Ta fi ni tsawo yanzu."

"Tana ina?" na ce.

"Inda ka bar ta. Ta daina yawo." Ya dubi buhun, ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai ma na ga an yage maka leda, ka kama ƙasa."